Kafin ka sayi sabon batir: yadda ake gane ko na wayarka ya ƙare da gaske

A shagon yayana da ke Tudun Wada a Gusau, inda muke cajin waya da 'yan gyare-gyare, da wuya rana ta fito ta faɗi ba a kawo mana waya an ce batir ya mutu ba. Wata rana cikin Afrilu, bayan azahar, kwanon rufi ya ɗau zafi har ba a iya dafa shi, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ya miƙo mini wayarsa ɗaure da roba. Ya ce, "Malam, duba mani wagga waya, marfin baya ya ƙi zama." Ina kwance robar marfin ya ɗago da kansa, batirin ya yi tozo kamar burodin da ya ji yis. Da na tambaye shi tun yaushe, ya ce ya kai wata biyu, kuma ƙarƙashin filo take kwana. Kafin la'asar a wannan ranar, wata dattijuwa ta aiko jikanta da waya da kuɗin sabon batir a ƙulle cikin leda. Na ɗauki tsinken sakace na zaƙulo ƙurar da ta daskare a bakin cajin, waya ta kama caji nan take, yaro ya koma da kuɗin kakarsa.

Shi ya makara, ita kuma ta yi gaggawa, kuma dukansu abu ɗaya ne ya same su: ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake auna lafiyar batir. Aunawar kuwa ba ta bukatar kayan aiki masu tsada. Ido, takarda da biro, da haƙurin 'yan kwanaki sun isa.

Yadda batir ke tsufa

Batirin da ke cikin wayoyi da kwamfutocin hannu na yanzu ana kiransa litiyom-ayon. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 mutum uku da suka aza harsashinsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, suka samu kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai. Batir ne mai ɗaukar wuta da yawa a ƙaramin jiki, amma tun ranar da aka ƙera shi yake raguwa, ko ana amfani da shi ko yana ajiye.

Ka ɗauke shi kamar randar da laka ke taruwa a gindinta. Kullum kana cika ta har baki, ido yana ganin ta cika, amma ruwan da take ɗauka yana raguwa. Shi ya sa tsohon batir ma yana nuna 100, sai dai 100 ɗinsa ta bana ba ta kai ta bara ba.

Masu ƙera waya suna lissafin shekarun batir da zagaye. Zagaye ɗaya shi ne ka cinye caji kashi 100 cikin 100, ko da ba a zama ɗaya ba: in yau ka ci kashi 60 ka mayar, gobe ka ci 40, zagaye ɗaya ke nan. Kamfanin Apple ya ce batirin iPhone 14 da na ƙasa da ita an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1,000. Wanda ke cinye cikakken caji kullum zai kai zagaye 500 cikin shekara ɗaya da wata huɗu da 'yan kwanaki. Saboda haka in wayarka ta haura shekara biyu a hannu ta fara gajiya da wuri, ba wani abin mamaki ba ne.

Mu a nan muna da ƙarin abokin gaba, wato zafi. Apple ɗin ya yi gargaɗi cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir ragewar da ba ta dawowa. A Gusau, da Talata Mafara, da Gummi, daga Maris zuwa Mayu ma'auni yana haura 40 a inuwa. Ka haɗa da wayar da ke cikin riga ta roba mai kauri, an jera ta a kan katako tare da wasu talatin, ƙarƙashin kwano, tana shan caji da tsakar rana. Batirin da zai yi shekara uku a ƙasa mai sanyi, a nan sau da yawa ba ya kaiwa.

Mataki na farko: duba jikin wayar

Cire rigar, ka aza wayar a kan tebur mai shafe, fuska a sama. Danna kusurwoyinta. In tana rawa, ko ka ga gilashin ya ɗago daga gefe har haske yana leƙowa ta tsagar, ko marfin baya ya buɗe baki, batir ya kumbura. Idan ƙaramar waya ce mai batirin cirewa, irin BL-5C ɗin nan da ke cikin tsofaffin Nokia da ƙananan rediyo, ciro shi ka aza a tebur ka juya shi da yatsa. Lafiyayye ba ya juyawa sosai domin cikinsa a shafe yake. Wanda ya kumbura sai ya yi ta wulwulawa a kan tumbinsa. A kwamfutar hannu kuwa alamar ita ce wajen da ake goga yatsa ya taso ko ya ƙi dannuwa, ko murfin ya daina rufuwa daidai.

Abin da ke kumbura shi iska ce da sinadarin ciki ke fitarwa idan ya lalace, kuma iskar tana kamawa da wuta. Wanda ya ga wannan alama ya gama gwaji, sauran matakan ba nasa ba ne. Ya kashe wayar, ya daina yi mata caji, ya kai a cire batirin a yau. Ina roƙon jama'a da babbar murya: kada a huda shi da allura wai iskar ta fita, kada a danne shi da dutse ko a matse marfin da roba. Na sha ganin masu yin haka, kuma Allah ne kawai yake kiyayewa. Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna da Galaxy Note 7 a 2016, lokacin da kamfanin Samsung ya janye wayar gaba ɗaya daga kasuwa saboda batirinta yana kamawa da wuta, har aka hana shiga jirgin sama da ita.

Ka kuma shinshina bakin cajin. Wari mai ɗan zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge farce alama ce batir yana yoyo, hukuncinsa ɗaya da mai kumburi.

Mataki na biyu: binciki abubuwan da ake ɗora wa batir laifinsu

A nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta, don haka zan ɗan daɗe.

Fara da bakin caji. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna taruwa a ciki su daskare, sai kan igiyar ya kasa shiga har ƙarshe. Waya ta kama caji ta saki, ta kama ta saki, da safe ka tarar da 40 maimakon 100. Kashe wayar, haska ciki da tocila, ka sa tsinken itace a hankali ka zaƙulo dattin. Kada ka sa allura ko wani ƙarfe.

Sai igiya da kan caja. Ari na wani wanda ka tabbata yana aiki, ka gwada kwana ɗaya. Igiyoyin araha da ake tallarsu a tasha suna da siririyar waya a ciki, ba su iya wuce da wutar da wayar ke nema, ga shi kan cajar jabu yana ba da wuta mai hawa da sauka, musamman a kan janareta. Alamar da za ka gane shi da ita: idan waya tana caji sai gilashin ya riƙa danna kansa, ko ya ƙi jin yatsanka. Irin wannan caja ka rabu da ita ko da batirinka lafiya lau yake, domin ita ce za ta kashe shi.

Na uku shi ne sabis. Waya idan tana wurin da sabis ya yi rauni, ƙara ƙarfi take yi tana laluben turken sadarwa, kuma wannan lalube yana shan caji sosai. Mutanen Zamfara sun ga haka da idonsu a watan Satumbar 2021 lokacin da aka katse layukan waya a jihar: wanda ya bar wayarsa a kunne tana neman sabis ɗin da babu, sai ya ga caji yana zubewa alhali ko kira ɗaya bai yi ba. Haka abin yake ga wanda ke kwana a ƙauyen da sandar sabis ɗaya ce ke leƙowa ta ɓace. In a cikin gari wayarka tana kai dare, a ƙauye kuma ba ta kai la'asar, batirin ba shi da laifi.

Na huɗu, manhajoji. Shiga Settings, ka taɓa Battery, ka duba jerin abubuwan da suka fi cin caji. Idan TikTok ko Facebook ne a sama kuma ka san ka wuni a kansu, lissafi ya fito. Idan kuwa wata manhaja ce da ba ka ko buɗe ba take cin kashi 20 ko 30, goge ta ka sake lura. Hasken gilashi ma yana ci: mai aiki a rana yana ƙure hasken ne don ya iya gani, kuma gilashi na daga cikin abubuwan da suka fi shan wuta a waya.

Mataki na uku: tambayi wayar da kanta

Mai iPhone ya shiga Settings, Battery, sannan Battery Health. Zai ga lamba a gaban Maximum Capacity. Tun 2018 aka sa wannan shafi, bayan da kamfanin ya amsa a ƙarshen 2017 cewa yana rage gudun tsofaffin wayoyi don kada su riƙa mutuwa idan batir ya yi rauni. Daga 90 zuwa sama babu damuwa. Tsakanin 80 da 90 batir ya fara tsufa amma yana aiki. Ƙasa da 80 wayar da kanta za ta rubuta cewa a kai shi gyara.

Sai dai a yi hattara da wannan lamba wajen sayen waya ta hannu, irin waɗanda ake kawowa daga waje. Akwai na'urar da wasu ke amfani da ita su mayar da lambar 100 alhali batirin tsoho ne. Wayar da ta shekara huɗu, gefenta duk ya goge, amma tana nuna 100, ka tambayi dalili. Shiga Settings, General, sannan About, ka duba ko akwai tarihin kayan da aka canza. Idan an sa batirin da wayar ba ta gane ba, a nan za ta faɗa.

Mai Samsung ya buɗe manhajar Samsung Members, ya nemi wajen binciken lafiyar waya, ya taɓa Battery status. Za ta gaya masa ko batirin yana da kyau ko ya yi rauni.

Yawancin Tecno da Infinix da itel da ke hannun mutanenmu ba su nuna wannan lissafi. Mafita ita ce manhajar AccuBattery, wadda ke auna yawan wutar da ta shiga batir a lokacin caji ta kwatanta da abin da aka rubuta a kwalin waya. Kada ka yarda da sakamakon rana ɗaya. Ka bar caji ya sauka ƙasa da 20, ka cika shi, ka maimaita sau huɗu ko biyar. Idan wayar mai 5,000 mAh ce (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), manhajar kuma ta tsaya a wajen 3,600, raba 3,600 da 5,000, ka samu kashi 72. Kiyasi ne, yana iya kaucewa da 'yan maki, amma ya fi zato nesa ba kusa ba.

Ɗalibai da ma'aikata masu kwamfutar Windows sun fi kowa samun sauƙi. Buɗe Command Prompt, wato shafin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Za ta nuna maka inda ta ajiye rahoton. A ciki ka nemi layi biyu: Design Capacity, wato ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. In na farko 45,000 ne na biyu 27,000, saura kashi 60. Duk mai shirin sayen kwamfuta ta hannu ya yi wannan a gaban mai shago kafin ya ciro kuɗi, bai fi minti biyu ba.

Mataki na huɗu: gwaji biyu da hannunka

Ni na fi yarda da waɗannan a kan kowace lamba, domin ba a iya yi musu kwaskwarima.

Gwajin dare: bayan isha'i ka cika wayar, ka cire ta daga caji, ka sa ta a yanayin jirgin sama (Airplane mode, wanda ke kashe sabis), ka rubuta lambar da lokacin. Kada ka taɓa ta sai bayan asuba. A abin da na saba gani, lafiyayyen batir bai cika rasa fiye da kashi 2 ko 3 ba. In ka tarar kashi 15 sun tafi, akwai matsala, amma ba lallai batir ba ne. Wayar da ta taɓa faɗawa ruwa tana iya samun inda wuta ke zurarewa a allon cikinta. Irin wannan ko ka sa sabon batir haka za ta ci gaba, sai mai gyara ya auna ta da mita.

Gwajin bidiyo: sauke bidiyo mai tsawon awa ɗaya a cikin wayar, sa yanayin jirgin sama, daidaita haske a rabi, ka kunna shi daga caji 80 a cikin inuwa. Waya mai 5,000 mAh da batirinta ke da ƙarfi takan ci ƙasa da kashi 10. In ta ci 20 ko fiye, batir ya yi nisa.

Yayin waɗannan kwanaki ka sa ido kan halayen da ba su ɓuya. Waya ta mutu tana nuna 30, musamman idan ka buɗe kyamara ko kira ya shigo: tsohon batir ba ya iya ba da wuta mai yawa a lokaci ɗaya, sai ƙarfinsa ya faɗi wayar ta ɗauke. Ko lambar ta yi tsalle daga 45 zuwa 18 cikin minti biyar. Ko kuma ta cika da wuri fiye da da, da caja ɗaya. Mutane suna murna da wannan, alhali randar ce ta ƙanƙance. Idan tsallen lamba ne kaɗai matsalar, gwada sau ɗaya ka bar ta ta mutu da kanta, sannan ka cika ta har 100 ba tare da katsewa ba. Wannan yana daidaita ma'aunin ne kawai, ba ya dawo da abin da ya tafi. Sa batir a firji ma ba ya dawo da shi, sai dai raɓa ta shiga ta ƙara ɓarna.

Mataki na biyar: yanke shawara

Kumburi, yoyo, ko zafin da ba ka iya riƙe wayar alhali ba aiki take ba: a canza yau. Mutuwa ba zato fiye da sau ɗaya a mako, bayan ka tabbatar ba laifin caja ko manhajoji ba ne: a canza cikin kwanakin nan, musamman ga wanda abincinsa ke cikin waya, kamar mai POS ko ɗan kasuwar da ke jiran saƙon shigar kuɗi. Ƙasa da kashi 80 amma babu ɗaya daga cikin waɗannan: ya danganta da rayuwarka. Wanda ke da sola a gida yana iya lallaɓawa wata shida ko fiye. Wanda ke biyan kuɗin caji sau biyu a rana, ya lissafa abin da yake kashewa a wata uku ya kwatanta da kuɗin batir, zai ga amsar da kansa.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ko wayar ta cancanci sabon batir. In gilashi lafiya, tana ɗaukar manhajojin da kake bukata, kuɗin batir da aiki kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin irinta a kasuwa ba, ni a ganina canza batir ya fi sayen wata. In kuwa gilashin ya tsage, bakin caji yana wasa, WhatsApp ya daina sabuntuwa a kanta, gara a tara kuɗin.

Idan za a canza

Kwashe hotuna da lambobinka zuwa wani wuri, cire layi da memori, ka je da caji ƙasa da kashi 25, domin batir mai cike ya fi saurin kamawa idan aka huda shi a kuskure wajen ɓamɓarowa. Masu Tecno, Infinix da itel su sani Carlcare ce cibiyar gyara ta kamfanin da ke ƙera su, kuma in wayar ba ta fita garanti ba, can ya kamata a fara nufa kafin wani ya buɗe ta.

A wajen mai gyara na kasuwa, tsaya a yi aikin a gabanka. Karɓi sabon batirin ka kwatanta lambar da ke jikinsa da ta tsohon, harafi da harafi. Duba ranar da aka ƙera shi. Wanda ya shekara uku ajiye a shago ya riga ya tsufa tun ba a sa shi ba. Ɗora su biyun a tafin hannu, in sabon ya fi sauƙi sosai, ajiye shi. In kuma girmansu ɗaya amma an rubuta wa sabon 7,000 mAh alhali na asali 5,000 ne, rubutu ne kawai. Araha ba ta ado, a batir kuwa har haɗari take jawowa. Ku yi magana a kan kwana nawa zai karɓa in ya ba da matsala, ya rubuta maka a takarda.

Da ka dawo gida, maimaita gwajin dare da na bidiyo, ka rubuta sakamakon da kwanan wata ka ajiye. Da shi za ka koma wa mai gyara in an sa maka jabu, da shi kuma za ka kwatanta bayan wata shida. Daga nan ka riƙa yin caji da sanyin safiya ko da dare, a kan siminti ko tebur, rigar a cire. Ka yi ƙoƙarin riƙe caji tsakanin 20 da 80 a ranakun da wuta ta samu. Wayoyin Samsung da iPhone na baya-bayan nan suna da wajen da za ka sa caji ya tsaya da kansa kafin ya cika. Ranar tafiya kuwa, cika ta har 100 babu komai.

Tsohon batirin kada ya tafi bola. A unguwanninmu ana cinna wa shara wuta, yara kuma suna tsintar abin da ya yi ƙyalli su fasa da dutse. Liƙe bakinsa da salatif, ka bar shi wajen mai gyara. In dole sai ya kwana a gida, sa shi cikin gwangwani mai yashi a inuwa, nesa da fetur da katifa. Idan kuma ya fara hayaƙi, kada ka ɗauka da hannu kuma kada ka shaƙa: cire caja daga bango, ture shi da sanda zuwa fili, ka fitar da yara, ka zuba masa yashi ko ruwa mai yawa, sannan ka bar shi a wurin 'yan awoyi, domin yana iya sake tashi bayan ya lafa.